Sirdin da Ya Gagari Mai Taushi

Shekara talatin da ɗaya Mai Taushi ya yi yana ɗinkin kujeru a shago ɗaya, tsakanin mai walda da wani bakanike da ake kira Dogo. Sunan Mai Taushi na gaskiya ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane, kuma shi ya jawo wa kansa. Duk wanda ya kawo masa kujerar da ta lotsa ko sirdin babur da ya yage, sai ya fere soso, ya shafa gam, ya ja leda ya buga, sannan ya danna babban yatsansa a tsakiya ya ce, "Zauna ka ji taushi." Mutum ya zauna minti ɗaya, ya yi murmushi, ya ɗauki kayansa ya yi gaba. Iyakar gwajin ke nan, kuma ba wanda ya taɓa dawowa da ƙorafi. A wurinsa duk wata wahalar zama maganinta ƙarin soso ne. Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, ba ya son hayaniya, amma ko maƙwabtansa ba su taɓa jin ya ce ya yi kuskure ba.

Ba sha'awa ce ta sa ya sayi sabon babur ba. Matarsa na fama da ciwon baya, kuma shekara uku ke nan rabonta da mahaifiyarta. Inna tana can wani ƙauye a bayan duwatsu, inda kwalta ke ƙarewa a bar mutum da awa biyu na gargada da hawa, hanyar da mota ba ta bi. Zuwan ƙarshe da suka yi a ƙaramin babur ɗin haya, sai da matar ta yi mako biyu a kwance. Yanzu kuma ga idon Inna yana ta dushewa, tsufa ya hana ta tafiya. Ta sa aka kira su a waya, ta ce da surukinta, "Ka kawo mini ita in gan ta tun ina gani." Maganar nan ta tsaya wa Mai Taushi a rai, har aiki yake yana jin ta.

Dogo ne ya ba shi labarin irin baburan da aka ƙera don hanyar daji, masu dogayen ƙafafu da ke shanye gargada. Mai Taushi ya kwashe ajiyarsa ya je ya sayo.

Ranar da aka sauke masa shi a ƙofar shago, ya daɗe yana zagaya shi. Abin ya fi ƙarfin abin da ya sani da babur. Ga gilashi a gaba, ga wani allo mai fitilu kala-kala, ga maɓallai a hannun hagu da bai san na mene ne ba. Da ya tsaya kusa da shi, sirdin ya wuce cibiyarsa. Ya cilla ƙafa da ƙyar ya hau, sai ya tarar in yatsun dama sun taɓa ƙasa, na hagu suna lilo a sama. Ya sauko, ya yi abin da hannunsa ya saba, ya danna yatsa a tsakiyar sirdin. Yatsan bai shiga ba.

"Dogo, zo ka gani," ya ce. "Mutanen nan sun manta ba su sa soso ba."

"Akwai soso. Haka suke yin sa."

"Sun iya sa abin ɗumama hannu a kan babur, amma sun kasa yin wurin zama?"

Ya hau ya yi zagayen farko. Duk inda danja ta tsayar da shi sai ya lallaɓa gefen titi yana neman tudun da zai dafa da ƙafa, masu mota na ta yi masa oda. Amma da ya faɗa wani rami da ya saba girgiza masa haƙora, bai ji komai ba, har sai da ya waiwaya ya duba ko an cike ramin ne. Ramin na nan. Ya yi kusan awa guda yana yawo, ya dawo babu inda ke masa ciwo. Wannan ya ruɗa shi ƙwarai, domin yatsansa ya riga ya gaya masa sirdin banza ne. Da jikinsa da yatsansa suka saɓa, sai ya bi yatsan, tunda shi ya ci da shi shekara talatin.

Washegari ya ɓalle sirdin, ya ɓare ledar, ya cire soson kamfani ya jefa kan kanta. Ya yanko mai kauri, irin wanda yake sa wa kujerun falon masu hali, ya ɗinka masa sabuwar leda baƙa mai sheƙi. Aiki ya yi kyau, ba ƙarya. Sai dai sirdin ya ƙara tsawo da faɗi, abin da bai lissafa ba. Ya hau, ya ture jak, ya miƙa ƙafa neman ƙasa, ƙasa ta ce ba ta san zancen ba. A hankali, gaban mai walda da duk masu wucewa, shi da babur suka kwanta gefe guda.

Dogo ya zo ya ɗaga babur ɗin, yana cije leɓe don kada dariya ta ƙwace masa. "Ka ji taushi?" ya tambaya.

Mai Taushi ya tashi ya kaɗe jikinsa. Ya sake ɓalle sirdin, ya fere gaban ya yi masa kwari yadda ƙafarsa za ta kai, ya bar bayan da tudunsa saboda mai ciwo. Da yamma ya kai gida ya kira matarsa. Ta taka ta hau da taimakonsa, ta gyara zama.

"Yaya kika ji?"

"Da taushi, Malam."

Ransa ya yi fari. Ya ba ta hular kwano suka fita gwaji a kan kwalta mai santsi, ko gargada babu. Ba su yi minti ashirin ba ta taɓa kafaɗarsa. Da ta sauko, sai da ta dafa bangon wani shago ta daɗe a sunkuye, gumi na tsattsafo mata a goshi. A motar haya ta koma gida.

Kansa ya ɗaure tamau. Ya zauna a shago ya sa sirdin a cinya yana juya shi. Soson nan ba na jabu ba ne, shi ya zaɓo shi da hannunsa. Ɗinkin babu inda ya tattare. To ina matsalar? Da ya rasa amsa, sai ya koma ga wadda ya sani, ya ƙara wani fallen soso a baya. Wannan karon minti goma sha biyar ta yi.

"Ka mayar da na kamfani mana," in ji Dogo. "Masu tafiyar kwana da kwanaki a kansa suke zama."

"Kai ƙarfe ka sani. Bar ni da soso."

Haka ya faɗa, amma a ransa tsoro ne ya kama shi. An sake kira daga ƙauye an ce Inna yanzu sai an matso daf da ita take shaida fuska. Ga babur ya saya, ga hanya, ga mai a tanki, abin da ya rage kawai wurin zama ne, sana'arsa ta haihuwa da tsufa, kuma nan ne ya maƙale. Ya kwana uku yana fere soso yana zubarwa, har tarkacen ya kai masa idon sawu.

Rana ta huɗu matar ta biyo ta shagon daga asibiti. Ta tsaya a ƙofa tana kallon ɓarnar. Shi kuwa yana zaune da wuƙar yankan soso a hannu, ya rasa inda zai sa ta. Ya ɗago ya dube ta, ya yi tambayar da bai taɓa yi wa kowa ba a shagon nan.

"Wai ina ne yake miki ciwo in kin zauna?"

Ta jawo benci ta zauna. "Nutsewa nake yi. Da farko da daɗi. Can sai in ji na lume, ƙuguna ya karkace, ba abin da ya tare ni. Kuma duk abin da taya ta taka, allon ƙasan sirdin nake ji a ƙashina."

"Allon? Duk soson nan?"

"Ai matsewa yake yi, Malam. Kujerun falonmu ma haka suke. Ba ka lura in muka yi baƙi a hannun kujera nake zama ba?"

Bai lura ba. Kujerun nan shi ya yi su da hannunsa, kuma duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa su. Ya ji kunya ta rufe shi, da wani abu mai kama da haushi, amma ya rasa wa zai ji wa.

"Me ya hana ki faɗa tuntuni?"

"Cewa kake in zauna in ji taushi. Na zauna, na ji. Ba ka taɓa cewa in daɗe ba."

Ya tashi ya sauko da soson kamfani daga kan kanta, ya kaɗe masa ƙura. Ya raba shi biyu, ya mayar da rabin bayan inda yake. Ya ba ta alli, ta hau ta zauna, ta zana masa inda take son ya ƙara faɗi kaɗan da inda zai rage. Ya bi zanenta bai yi musu ba, ko da yake hannunsa na ta ƙaiƙayin ƙara ko da falle ɗaya ne mai laushi. Amma rabin gaban, nasa wurin, ya bar shi da soson falo. Da Dogo ya yi magana, ya ce shi ba ciwon baya yake ba, kuma ba zai yiwu a ce mai ɗinkin kujeru yana yawo a kan katako ba. Suka fita gwaji, suka yi awa guda cur ba ta taɓa kafaɗarsa ba.

Da sassafe ranar Asabar suka kama hanya. Kwalta ta ƙare, duwatsu suka fara, babur ɗin na hawa yana sauka kamar ba kaya a kansa. Matar na bayansa a miƙe, har tana nuna masa wurare, rafin da suke wanki suna yara, bishiyar da ƙanenta ya faɗo daga kai. Shi kuwa tun kafin su bar kwalta ya fara jin zafi. Ya gyara zama zuwa hagu, ya koma dama, ya matsa gaba har ya dangana da tanki. Soson ya matse ya zama fallen tabarma, kowane dutse sai ya gaishe shi a ƙashi. Daga baya zafin ya tafi, ya daina jin mazaunansa gaba ɗaya, wanda ya fi zafin ban tsoro. Sau biyu tana tambayarsa ko su tsaya ya huta, yana cewa ai shi lafiya lau yake.

Rana ta ɗaga suka iso ƙofar gidan. Ta dafa kafaɗarsa ta sauko da kanta, ta cire hular ta miƙa masa, ta shige ciki da sauri, ko bayanta ba ta riƙe ba.

Ya sa jak, ya kashe inji, ya yunƙura zai ɗaga ƙafa. Ƙafar ta ƙi. Ya sake gwadawa, ƙugunsa ya riƙe. Sai ya haƙura ya zauna a inda yake, hularta a cinyarsa, tasa a kansa, yana jiran jini ya dawo. Katangar gidan gajeriya ce, ana jin komai. Ya ji sallamar matarsa, ya ji motsin tabarma, sannan muryar tsohuwa tana rawa.

"Matso nan bakin ƙofa, wajen haske. Ƙara matsowa."

Mai Taushi ya riƙe numfashi.

"Ikon Allah," in ji Inna. "Ashe har kin yi furfura."

Hawaye suka zubo masa cikin hular kwano, ya rasa na ciwo ne ko na mene ne, kuma bai san yadda ake ɗaga gilashin hular ba balle ya share. Daga ciki ya ji Inna na tambaya ina surukin nata ya tsaya, matar na cewa yanzu zai shigo, babur yake gyarawa.