Ranar da Asibi Ta Ɗauki Shebur

Duk wanda ya san wuraren gini a Kontagora ya san Asibi. 'Yar Auna ce, aure ya kawo ta gari, kuma shekara goma sha uku ke nan tana ɗibar wa magina ruwa da yashi a ka. Ba ta da yawan magana, amma idonta ba ya barci. Tun tana sauke ruwa take lura da yadda ake kwaɓa kankare: yashi kaza, tsakuwa kaza, a juya sau uku kafin a zuba ruwa. Ba wanda ya taɓa tambayarta, don a wurinsu shebur na maza ne.

Sai ga shekarar da Najeriya ta yi nisa a gasar ƙwallon Afirka. Gari ya rikice! Tela ya bar ɗinki, mai faci ya bar taya a kwance, ofisoshi ma tun azahar sai kujeru.

Ranar wani babban wasa aka sa zubin dakin, wato rufin kankare, na islamiyyar matan aure, inda Asibi ke karatu da yamma. Shekara biyu mata suna haɗa wannan gini da guminsu. Shi kuwa dakin, in aka fara zuba shi ba a tsayawa. In rabi ya bushe kafin a haɗa, nan zai tsage, damina ta shigo aji.

Ndako, babban maginin, ya ce za a gama da la'asar, amma motar tsakuwa ta makara. Ƙarfe biyar ta yi, saura kusan rabi. Haliru, shugaban leburori, ya jingine shebur.

"Baba Ndako, bari mu kama ruwa mu dawo."

"Ku tara duka? Mara ɗaya gare ku?"

Kafin ya rufe baki sun haye babura, sai gidan kallo, kada a cinye musu benci. Ndako ya zauna kan bulo ya dafe kai.

"Shi ke nan, Asibi. Siminti ba ya jiran a tashi wasa."

Asibi ta dubi saman ginin, ta ɗaure zani tamau, ta ɗauki shebur ɗin Haliru.

"Baba, kai hau sama ka baje. Kwaɓi nawa ne."

"Ke? Yaushe kika koya?"

"Lokacin da kuke cewa in matsa gefe."

Ta ƙwala wa Fure mai abinci kira, Fure ta bi gida-gida. Kan ka ce kwabo mata sun fi ashirin, wasu da kwanon sarki, wasu da bahon wanki. Suka yi layi har kan tsani, kwano na bin hannu, ana salati ana guɗa. Salihatu, malamarsu, ta naɗe hijabi tana ɗibar ruwa.

Ndako ya damƙi kwaɓin farko ya murza a tafin hannu. Sai ya yi ihu daga sama: "Ƙaro! Wallahi ya fi na Haliru!"

Can unguwa ta ɗauka da sowa, an ci ƙwallo. Fure ta ce, "Mu ma mun ci, miƙo kwano!"

Da aka kira magariba suka yi salla rabi-rabi don kada aiki ya tsaya. Kafin isha Ndako ya shafe kusurwar ƙarshe.

Washegari Haliru ya zo da murya a dashe, ya hau ya zagaya yana neman tsaga. Babu.

"Yaya Asibi, a ba ni shebur ɗina mana."

"Ga shi can, na wanke maka. Yaushe ne wasa na gaba?"

"Lahadi."

Ndako ya ce, "To Lahadi ina da zubi a Kaboji. Asibi, tara matanki."

Yanzu mata goma sha ɗaya ke aiki a ƙarƙashinta. Har yau ba ta san 'yan wasa nawa ke shiga fili ba, amma duk ranar da za a buga babban wasa, tun asuba wayarta ke ƙara.