Rumbun da Ya Ƙi Faɗuwa

Ni ne sakaran nan na majigi. In kana cikin waɗanda suka zauna a ƙasa a filin kasuwa, ana saura 'yan shekaru a ba da mulkin kai, kuka ga wani dogo mai manyan kunnuwa ya jingina tsani rumbunsa ya rufta, kuka yi dariya har da riƙe ciki, to ni kuka yi wa. Har yau ban gama yafe dariyar ba, amma ba ita ta sa na ɗauki alƙalami ba. Abin da nake so a sani shi ne rumbun nan bai faɗi ba.

Ginin rumbu gadonmu ne. Ƙauyenmu yana kusa da Yako, a ƙasar Kiru, kuma daga Bebeji zuwa Tudun Wada, har gindin duwatsun Doguwa, da wuya ka shiga gari ba ka tarar da gidan da ke cin hatsi daga rumbun da Baba ya gina ba. Yana da shaidarsa. In ya kai wuyan rumbu, sai ya ja yatsu uku a ɗanyar laka su zagayo su haɗu. Wanda ya ga layin nan uku ba ya tambayar ko gara za ta shiga. Ba mu da gonar kirki, ba mu da shanu, sunan nan shi ke ciyar da mu. A shekarar da nake ba da labari idon Baba ya fara rauni, aiki ya dawo hannuna. Ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ga ƙarfi ga rawar kai.

Bayan an gama kaka dagaci ya aiko a kira ni. Na tarar da mota a ƙofar gidansa, da wani Bature mai jan wuya, da malamin gona wanda ke yi masa tafinta. Malamin ya ce za a yi majigi ne a kan ajiyar hatsi, da mutum biyu, mai hankali da sakarai. Mai hankali zai gina rumbu mai kyau ya ci tuwo har wata kaka, sakarai kuwa zai yi ginin ganin dama, rumbu ya rufta, ya rasa na sawa a baka. An riga an zaɓi mai hankali, ƙanen dagaci ne, mutumin da ko akurkin kaji bai taɓa ginawa ba. Ni zan gina rumbunan duka biyu, kuma da Baturen ya kalli kunnuwana sai ya ce ai ga sakaran ma an samu. Aka yi dariya, ni ma na yi. Malamin ya ce wasa ne kawai, kowa ya san wasa ne.

Na dawo gida ina ta zuba, wai za a gan ni a majigi. Baba ya saurara har na gama, yana murza igiya a cinya.

"Fuskarka taka ce, ka ba wanda ka ga dama," in ji shi. "Rumbu kuwa ba naka kai kaɗai ba ne."

Na ce a raina tsoho dai da tsoro.

Aikin majigi, ga wanda bai sani ba, aikin mahaukata ne. Ba sa farawa daga farko. Tun ba a kafa rumbu ko ɗaya ba, a ranar farko, suka kafa akwatin ɗaukar hoto a kan ƙafafunsa uku, suka ba mutum biyu wasu faffaɗan faranti masu ƙyalli suna hasko mini rana a ido, aka ce in kalli wani fili da babu komai a cikinsa sai kashin awaki, in ɗora hannu a ka kamar an yi mini rasuwa. Na tambayi abin da zan yi wa kuka, aka ce in dai yi. Na yi, aka ce bai isa ba. Na sake, aka ce na kalli akwatin. Sau bakwai ina ɗora hannu a ka ina wage baki, mata na leƙe ta katanga suna ƙyaƙyatawa, ni kuma ina ƙara gishiri saboda su. Ba a ɗaukar murya, don haka bakina waƙar 'yan mata yake yi. Ƙanen dagaci kuwa an ara masa farar riga, an sa shi ya riƙa shafa lakar da na kwaɓa da yatsu biyu don kada ta ɓata hannun rigar.

Daga nan suka tafi Tudun Wada ɗaukar kasuwa, suka bar ni da aiki. Na gina na mai hankali yadda aka saba, babu labari a ciki. Na sakarai aka ba ni umarni: a ɗora shi a tsurar ƙasa ba duwatsu, bango ya zama siriri, kada a sa ciyawa a laka, kada a bari ta tsima.

Na fara, wallahi na fara. Na kwaɓa ƙasa da safe, na ɗora da hantsi, na kai kamu biyu. Baba ya lallaɓo da sandarsa ya shafa bangon, ya murtsuke ɗan guntu a hannu ya zube kamar gari. Ya goge hannun a riga ya koma. A nan ne na hango abin da ban hango ba a gidan dagaci. Motar majigi ba a garinmu za ta tsaya ba. Za ta je Bebeji, ta je Tudun Wada, ta je duk inda muke cin abinci, mutane su ga ɗan mai yatsu uku da rumbunsa a ƙasa. Wa zai tsaya yana yi musu bayanin wasa ne? Mutumin da zai ba ka hatsin shekararsa ka ajiye masa ba ya wasa da abin da idonsa ya gani.

Na sa ƙafa na rushe shi. Na tona rami na jera duwatsu tara na binne su yadda ba za a gani ba. Na kwaɓa jar ƙasa da ciyawa da ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, na bar ta kwana huɗu tana tsima, na zuba toka a gindi. Na ɗora kamu kamu, sai ɗaya ya sha rana in ɗora na gaba. Daga ciki ban taɓa ginin da ya kai shi ba. Daga waje kuwa na yaɓa masa laka gaba-gaɗi, na karkatar masa da jinka, ya fito mummuna kamar kan da aka yi wa aski da dare. Yatsu uku ne ban ja ba, don kunyar sa shaidar Baba a kan wannan muni ta hana ni.

Suka dawo da bazara, ana zafi kamar a gasa mutum. Baturen ya zagaya rumbun yana murna, ya ce ko shi ya zana ba zai fi haka lalacewa ba. Dabararsu ita ce a ɗaura igiya ta baya, ƙarti shida su ɓuya inda akwatin ba ya gani, in na jingina tsani a ɗaga musu hannu su ja. Na jingina tsani, aka ɗaga hannu, suka ja. Rumbu ko gezau. Aka ƙaro mutum huɗu, igiya ta tsinke, suka zube a kan juna. Aka sa mata suka kwarara tulu ashirin a gindinsa, ruwa ya bi ta tsakanin duwatsu ya wuce abinsa. Aka kawo shanun huɗa biyu da sabuwar igiya, ita ma ta tsinke. Ina tsaye riƙe da tsani, fuskata kamar ta mai jimami, cikina kuwa farin ciki kamar ya fashe.

Malamin gona ya tona gindin da ƙafa ya ga duwatsu. Ya dube ni, na dube shi. Wuyan Baturen ya ƙara ja, ya ce a kawo sarƙa a ɗaura a mota. Sai kawai na hau tsanin nan na ture jinka na zauna a bakin rumbu, na saki ƙafafu.

"Ranka ya daɗe," na ce wa dagaci, "a gaya masa in zai ja, ya ja da ni. Fuska na ba shi, ban ba shi rumbu ba."

Dagaci ya yi faɗa, ya ce zan ja masa magana. Malamin gona ya juya wa Baturen zancen, kuma daga yadda ya daɗe yana lanƙwasa murya na san ya cire masa ƙaya. Ban sauko ba. Rana ta karkata, su kuma ba sa aiki in haske ya tafi. Baturen ya daɗe yana kallona, ya yi wata 'yar dariya, ya sa aka naɗe kaya. Na kwana ina ganin na kayar da Bature.

Ashe ni ne ban san aikinsu ba. Shekara ta zagayo motar majigi ta zo, aka ɗaura farin ƙyalle bayan sallar magariba, aka ta da inji. Ga ni nan ina tafe da tsani. Ga ni na jingina. Sai ga rumbu yana rugujewa, ƙura ta tashi, sai ga fuskata, hannu a ka, baki a wage, kukan nan da na yi wa kashin awaki. Sun samo wani tsohon rumbu a wani gari sun tura, sun yanka sun liƙa a tsakani. Mai bayani yana ta faɗa a lasifika, ku dubi sakarai, ku dubi wanda bai iya gini ba.

A wurin Bature rumbu rumbu ne. Amma wanda ya faɗin gajere ne mai ƙaton ciki, bakinsa a gefe, nawa kuwa dogo ne bakinsa a sama, ko yaron goye ba zai haɗa su ba. A garinmu dariyar ta koma kan masu majigi, tunda ga rumbun can tsaye a bayansu. Sai dai na san gobe motar tana Bebeji.

Na ari keke na bi ta. A Bebeji na bari sai da rumbu ya faɗi, na miƙe na shiga gaban hasken, inuwata ta rufe ƙyallen. Na ce ni ne wannan, ku dubi kunnuwan, amma wancan ba rumbuna ba ne, ku dubi bakinsa. Ɗan doka ya ja ni waje da wuyan riga, ina tafe ina faɗa. A Tudun Wada na sake. Mai bayani ya riga ya gane ni, ya ƙure lasifika, ni ma na ƙure maƙogwaro. Wani dattijo da Baba ya yi wa gini tun kafin a haife ni ya tashi ya ce a mayar da wurin baya a gani. Suka ce ba a mayarwa. Wasu suka yarda da ni, wasu suka ce sakaran ne ya biyo majigi don a ƙara yi masa dariya. A Doguwa muryata ta dishe, tayar keke ta yage a kan duwatsu. Da safe ina tsaye a bakin hanya motar ta wuce ni ta yi kudu, za ta garuruwan da ban san sunansu ba, da fuskata a cikin gwangwanin majigi. Na zage ta har ta ɓace, sannan na turo keken zuwa gida, kwana uku.

A ranin nan gidaje da yawa da suka saba kiranmu ba su aiko ba. Na ji zafin abin, kuma na san ni na jawo, da rawar kaina da son a gan ni. Na kasa haɗa ido da Baba, duk da idon nasa ba ya gani sosai.

Wata safiya ya ce in kwaɓa masa 'yar laka a ƙwarya. Na kwaɓa. Ya ce in kai shi wurin mummunan rumbun, in jingina tsani. Na ce Baba ba za ka iya hawa ba, ya ce shi ya sa zan riƙe. Kusan shekara biyu rabonsa da tsani. Ya hau a hankali, ina tallafe da shi. Ya shafa bangon ta ciki, ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne. Sannan ya yaɓa laka a wuyan rumbun ya ja yatsu uku. Sau huɗu muna matsar da tsani kafin layin ya zagayo ya haɗu.

"Gobe a kwashe geronmu a zuba a nan," in ji shi.

Da zai sauko na ce masa ya lura da matakin ƙasa, yana motsi. Da Baba ya rasu, gero daga rumbun nan muka yi sadakar bakwai ɗinsa da shi, daga cikinsa na ciyar da 'ya'yana har suka yi aure. Ban taɓa gyara masa munin ba.