Bijiman da Suka Ƙi Birki

Taubashina direba ne a layin Karaye zuwa Rogo, irin wanda sai motarsa ta ɓace sannan ƙarar hon ɗinsa take isowa. Wata ranar kasuwa ya sha abin da bai kamata ya sha ba, ya kaɗe wani manomi a kan keke kusa da Kafin Dafga. Mutumin bai kai asibiti ba. Kotu ta ɗaure taubashin nawa, ta dakatar da lasisinsa. Da ya fito ya tuba, amma abu guda ya gagare shi: zuwa gaban mahaifiyar mamacin ya nemi gafara. Kullum sai gobe.

Ya sayar da motar, ya sayi amalanke da bijimai biyu a kasuwar Rogo. Ni kuwa na maƙale masa don in tara abin dariyar shekara, kuma na tara. Ƙato zaune a kan buhu yana miƙa hannu wai sigina, yana hon da baki! Gudu kuwa, wata tsohuwa da tulu a ka ta wuce mu, ta je gida ta tuƙa tuwo, ta dawo ta sake wuce mu.

"Direba, taka mata wuta mana!"

"Bawana, rufe min baki ko in sauke ka a daji."

Rannan, gab da damina, mun ɗauko taki daga Tudun Kaya. Muna isa wata mararraba bijiman suka karya kwana da kansu. Ya ja igiya, ya daka tsawa, har ƙafa yake dannawa a katako yana neman birki. Ina! Dabbobin da ba su taɓa sauri ba suka zama jirgi. Ba su tsaya ba sai ƙofar wani gida a Kafin Dafga.

Na dube shi, gumi ya jiƙa hular.

"Gidan ne," in ji shi.

Ashe shanun mamacin ne. Dangi suka sayar wa dillali bayan rasuwar, taubashina kuwa bai tambaya ba.

Mahaifiyar mamacin ta fito, ta daɗe tana shafa goshin bijiman. Taubashina ya tuɓe takalmi, ya durƙusa.

"Iya, ni ne."

"Na gane ka. Da ƙafarka ka zo, ko su suka kawo ka?"

"Su ne, Iya."

Ta share ido da gefen mayafi.

"Gara da ba ka yi min ƙarya ba. Tashi, ɗan nan. Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ga gonarsa can bayan gari, bana ba wanda ya kai mata taki."

Takin na wani ne, amma wa zai buɗe baki? Ni da na zo kallo, ni aka miƙa wa shebur.