Ranar da Na Zaunar da Baba a Tebur

Komai zan iya mantawa a duniya, ban da ranar da Baba ya zo cin abinci gidana. Sau ɗaya tak ya taɓa zuwa, kuma ni da hannuna na ɓata ranar.

Lokacin ina koyarwa a Rano, sai aka tura mu bita Abuja, aka sauke mu a wani katafaren otal. Kai jama'a! Tebur da farin ƙyalle, cokula uku-uku, abinci na zuwa kashi-kashi, kowanne ɗan mitsitsi a tsakiyar faranti. Ina ci ina tuna Baba can Zinyau, mutumin da ya ƙarar da ƙarfinsa a gona don in yi karatu. Na ce wallahi sai ya ɗanɗana wannan daɗin.

To, kun san dattawanmu, uba ba ya zarya gidan 'yarsa, balle ya ci abinci. Wata biyu ina roƙo ta wajen Inna kafin ya ce zai zo ran Lahadi bayan azahar. Har saƙo na aika kada ya ci komai a gida.

Na aro tebur a maƙwabta, na goge farin labule na shimfiɗa. Na yanka kaza, na yi romo na buɗe ciki, na kifa shinkafa da kofi ta fito a dunƙule. Maigidana yana tsaye yana kallona.

"Anya kuwa?" in ji shi. "Ki shimfiɗa masa tabarma a zaure, ki ajiye kwano, ki ba shi wuri."

"Kai dai sa babbar rigarka. A can Abuja tare ake zama. Kai ne za ka zauna a gabansa."

"Ni? Gaban Baba?"

Na kafe. Ni fa a lokacin in na ɗauko abu, ba na jin kira.

Ɗan acaɓa ya sauke Baba. Ya yi sallama, ya dubi teburin, ya ɗosana a bakin kujera kamar mai jiran likita. Maigidana ya durƙusa ya gaishe shi, na yi masa ido, ya hau tasa kujerar kansa a sunkuye. Ni kuma na tsaya a kansu da tawul a hannu, yadda na ga ma'aikatan otal suna yi.

Suruki da suruki ido da ido, ga 'ya tsaye a ka. Don Allah wa zai iya kai loma? Na kawo romo, Baba ya yi ta jiran tuwon da zai biyo baya, shiru. Na ɗauke, na kawo shinkafa, ina ta zuba bayani: wuƙa a dama, cokali mai yatsu a hagu. Baba ya dubi hannunsa na hagu. Sai ya ture su a hankali, ya ɗauki cokalin romo da dama, ya ɗebi shinkafa sau biyu.

"Alhamdu lillahi. Allah ya yi miki albarka, Uwata." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni.

"Haba Baba, ko naman ba ka taɓa ba!"

"Na ƙoshi. Hadari na haɗowa, bari in kama hanya."

Ni kuwa har haushi na ji, ina cewa mutanen ƙauye ba a iya musu.

Washegari Bafulatanar da ke kawo mini nono ta zo, 'yar rugar gefen garinmu ce. Tana aunawa ta ce, "Jiya Babanki ya tsaya wajena a tasha. Fura ƙwarya guda ya shanye, ya ce a ƙaro, wai tun asuba bai sa komai a cikinsa ba." Sai ta kama baki. "Wayyo, ya ce kada in faɗa miki."

Na shige ɗaki na yi kuka har na gode Allah. Na so in je in ba shi haƙuri, kunya ta hana ni. Na yi ta cewa in ya sake zuwa zan tuƙa masa tuwon dawa da miyar kuka, in ajiye a zaure in janyo ƙofa. Bai sake zuwa ba. Bayan damina biyu Allah ya karɓi abinsa.

A zaman makoki wani tsoho amininsa ya dube ni ya ce, "Ke ce ta Rano? Ai har ya rasu yana ba mu labarin abincin Abuja da kika yi masa. Ya ce bai taɓa ƙoshi irin na ranar ba."

Tun daga nan na gane, in za ka karrama mutum, ka yi masa yadda zai saki jiki ya ci, ba yadda za a ce ka waye ba. Ni na sallami Baba da yunwa, shi kuma ya rufa mini asiri har kabarinsa.