Gyaren da Ke Kunnen Inna Delu

Shekara uku ke nan kunnena na dama bai yi shiru ba. Wata siririyar ƙara ce, tsiii, ko ina barci ko ina farke. Likita ya ce injin niƙan da na daɗe ina tsaye a kansa a kasuwar Tarauni ne ya bar mini ita, kuma in riƙa guje wa wuri mai shiru. Da ya faɗi haka sai na sunkuyar da kai, don Inna Delu ce ta faɗo mini a rai.

Kakata ce, mahaifiyar babanmu. A gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi ita ke suyar awara a tsakar gida da an sallame magariba, mu jikoki mu kewaye murhu, har da 'ya'yan Maman Ladi, maƙwabciyarmu 'yar Kafanchan. Mai yana cuwwa a kasko, itace yana ƙas-ƙas, ita kuma baki ba ya hutawa. Ba ta buɗe tatsuniya irin ta sauran tsofaffi. Cewa take, "Ku ara mini kunnuwanku, nawa sun lalace." Mu ce, "Mun ara miki."

Akwai guda ɗaya da ta maimaita har ta gundure mu. Wai wani manomi ne ya kwanta a gindin tsamiya, sai gyare ya gudo wa kaza ya faɗa kunnensa, ya ƙi fita. Ya bi gari yana tambaya ko akwai mai jin kukan, kowa ya ce babu. Ya gudu daji don ya huta, ashe can abin ya fi muni. Ban da gyaren, sai ya ji zuciyarsa tana daka kamar turmi, cikinsa yana ƙugi, haɗiyar yawunsa ma tana firgita shi. Ya dawo gari a guje, yara suna binsa da dariya. Daga ƙarshe wata tsohuwa ta kara kunnenta a nasa, ta daɗe, sannan ta ce, "Ban ji ba, ɗan nan, amma na yarda kana ji." A nan gyaren ya yi barci.

Mu dai muka ɗauka tatsuniya ce mara daɗi, ba kura ba dodo. Wani lokaci tana tsakiyar labari sai ta tsaya, ta karkata kai, ta ce, "Kun ji?" Mu ce a'a. Ta ci gaba. A cikin gida kuwa an fara ƙus-ƙus cewa tsufa ya soma taɓa mata kai, kuma babanmu yana tunanin hana ta zama gaban wuta.

Ina da shekara goma, kuma ni ne sarkin ba da dariya. Rannan da ta tambaya sai na ƙifta wa Ladi ido, na gyara fuska, na ce, "Wallahi Inna ina ji. Ga shi can wajen randa."

Har yau ina ganin fuskarta. Ta ajiye matsami, ta kama hannuna. "Habu, kai ma? Alhamdu lillahi. Ashe ba ni kaɗai ba ce." Ta miƙe ta hau jan randa, ta watsa tarin itace, ni ina nuna mata nan da can, yara suna toshe baki. Ba wanda ya kula da kasko sai da awara ta ƙone, wuta ta lashi man. Babanmu ya fito da gudu ya kife masa faranti.

"Tambayi Habu," in ji ta, ta sake riƙo hannuna. "Shi ma ya ji."

Baba ya juyo gare ni. Tsoron bulala ya kama ni, na ce, "Ni ban ji komai ba, Baba. Ita ce ta ce mu nema."

Ba ta ƙaryata ni ba. Kallona kawai ta yi, ta saki hannuna.

Daga ranar aka hana ta suya. Aka mayar da ita ɗakin ƙurya, wanda ko ƙarar babur daga titi ba ta kaiwa, wai don ta samu natsuwa. Ta roƙa a bar mata rediyo, aka ce surutu ne ke ƙara ruɗa ta. Ni ke kai mata abinci, in same ta ta toshe kunne da yatsa tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Takan ce, "Sannu, Habu," shi ke nan. Ba ta sake tambayar kowa ko ya ji ba har ta rasu bayan shekara biyu.

Yanzu na san ɗakin nan. Idan aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, ƙarar takan cika mini kai. Sai in ji bugun jini a wuyana, in ji muƙamuƙina yana ƙara in na motsa baki, in ji numfashina kamar na wani ne kwance kusa da ni. Sai yanzu na gane ba don mu kaɗai take tatsuniya ba. Cuwwar mai da hayaniyarmu su ne suke rufe mata gyaren, ni kuma na raba ta da su don a yi mini dariya. Kunya nake ji, irin wadda ba ta da inda za a kai ta, don mai yafewar tana ƙasa.

Kwanan baya muna zaune bayan magariba, na karkata kai ban sani ba, na ce wa 'yata, "Kin ji?" Sunan Inna Delu ta ci, shi ya sa muke ce mata Inna. Ta matso ta kara kunnenta a nawa, ta daɗe.

"Ban ji ba, Baba," in ji ta. "Amma faɗa mini yadda yake."

Shekararta goma. Daidai shekaruna ke nan ranar da na ƙifta wa Ladi ido.