Lokacin da Na Hana Matata Cin Hanta

Shekarun baya, muna zaune a Ayigya Zango, matata ta fara ƙorafin hannunta na dama yana mutuwa. Tela ce, don haka muka ɗauka gajiyar keke ce. Sai wata safiya ta kasa zura zare a allura, ta ce idonta ɗaya ya yi hazo. Muka yi wata huɗu muna zaryar asibiti, har aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarta. Likita ta ce cutar sunanta multiple sclerosis, ana taƙaita ta da MS. Ta yi mana bayani cewa garkuwar jiki ce ke juyowa tana cin rigar da ta lulluɓe jijiyoyin laka. Na tambaye ta me ke kawo ta, ta ce har yau ba a gama sani ba.

Wannan amsa ce ta hana ni sukuni. Ni mai walda ne. In ƙofa ta karkace, sai na gano inda ta fara. Na shiga bincike a waya, a motar haya ta trotro, a shago, har a bakin masallaci kafin a tada salla. A nan na ci karo da wani bayani mai cewa jijiyoyin jini na wuya ne ke tsukewa, sinadarin ƙarfe ya taru a ƙwaƙwalwa, cutar ta tashi. Da na ga kalmar ƙarfe, sai na tuna da sana'ata. Wa ke shigo da ƙurar ƙarfe gidan nan kullum in ba ni ba?

Daga ranar na zama babban likita. Na daina shiga ɗaki da kayan aiki, sai na yi wanka a tsakar gida. Na kai tukunyar ƙarfenmu gidan ƙanwata a Buokrom. Na bi duk abincin da aka ce yana da sinadarin ƙarfe: na soke hanta, na soke jan nama, na soke miyar kontomire ta ganyen gwaza, har wake na sa wa ido. Matata mai son waakye, wato shinkafa da wake, da safe ta koma koko da burodi. Mahaifiyarta ta zo ta ga abin da ake ci, ta ce mini ita dai ba ta taɓa jin inda aka warkar da mutum da yunwa ba. Na nuna mata wayata cike da fahariya, ta ce ba ta iya karatun waya ba, amma ta iya ganin 'yarta ta rame.

Bayan wata uku matata ta fara haki in ta hau ɗan tudun gidanmu, tafin hannunta ya yi fari. Na tsorata, na ce cutar ce ta ci gaba. Muka koma asibiti, aka auna jini. Likita ta duba takarda, ta ce jininta ne ya yi ƙasa sosai, ta tambaye ta me take ci. Matata ta juyo ta dube ni.

"Maigida, kai za ka faɗa ko ni?"

Na zayyana komai, har batun wankan tsakar gida. Likita ta yi ta danne dariya, daga baya ta kasa. Ta ce ta san wannan magana ta jijiyoyin wuya, an daɗe da bin diddiginta, ba ta tabbata ba. Ta ce ƙarancin ƙarfen da na jawo shi ne ya ƙara wa matata kasala a kan wadda cutar ke sa ta. Sannan ta daina dariya, ta ce, "Malam, ba kai ka sa mata wannan ciwo ba. Ka sauke wannan kaya, ka taya ta ɗaukar nata."

A hanyar gida matata ta sa muka sauka wajen mai tsire. Ta ce a yanka mata hanta, ta zauna a benci ta cinye, ba ta ba ni ko yanka ɗaya ba.

Cutar tana nan, ba a warkewa daga ita, amma da magani da zuwa asibiti a kan kari, tana ɗinkinta, ranar da jiki ya ƙi kuma ta huta. Abin da na gane daga baya shi ne, duk wata ukun nan ban taɓa zama na tambaye ta yaya take ji ba. Na fi son in sami mai laifi, ko da ni ne, a kan in yarda cewa ban sani ba. Ita kuwa ta ce tun farko ta san shirme nake yi, ta ƙyale ni ne don ta ga tsoro ya fi kama ni a kanta. Yanzu in na ɗauko waya zan karanta mata wani sabon bayani, sai ta ce in bari mu ci abinci tukuna. Ni kuma in ajiye.