Hotuna Bakwai da Gwangwani Ya Ce Babu Su

Lindsay Pappalardo ya yi ritaya a watan Yuni. Aka yanka kek a ofishin ƙungiyar manoman rake ta garinmu, shugaba ya miƙe ya ce tun da aka kafa ƙungiyar ba a taɓa yin ma'aikaci mai tsantseni irinsa ba. Na tafa tare da kowa. Har yau idan na tuna tafin nan sai in ji haushin kaina ya turnuƙe ni.

Gwangwani ake ce masa, amma a bayan idonsa. An haife shi a wata gonar rake bakin kogi, shi ne na biyar cikin 'ya'ya tara, a gida mai ɗaki biyu. Kakansa daga tsibirin Sisili ya zo saran rake, ubansa ma a kan rake ya ƙare. Shi kuwa Lindsay rana ciwon kai take sa masa, sai aka tura shi birnin Townsville koyon kwamfuta, ya dawo ya zauna a ofishin nan shekara ashirin da shida. Dalilin laƙabin kuwa, mutum ne da ba ya ƙaunar ganin fili a cikin komai, sai ya danne shi kamar kifin gwangwani. Idan zai je kamun kifi sai ya ɓata awa guda yana shirya bayan motarsa, har allura ba za ta samu wurin shiga ba. Abincin ranarsa, burodi da busasshen nama da zaitun, a cikin wata 'yar roba yake danne shi wadda ko yaron firamare zai raina. Gaisuwarsa ma rabi ce. Ka ce masa ina kwana, ya ɗaga gira.

Aikinsa ma haka yake. Kowace gona tana da tarkacenta a ofis: taswira, sakamakon gwajin ƙasa, hotunan da ƙaramin jirgi marar matuƙi yake ɗauka daga sama. Lindsay ya rubuta manhajar da take tattara na kowace gona ta matse su cikin ƙunshi ɗaya, irin wanda ake ce wa zif. Ba shi ya ƙirƙiri dabarar matsewar ba, ko da yake yana so a ɗauka haka. Ya ɗora aikinsa ne a kan laburare, wato tarin umarnin da wasu suka riga suka rubuta suka bar wa duniya kyauta: ka kira wannan ya matse, ka kira wancan ya ƙara fayil, ko ya cire, ko ya kwance ƙunshin gaba ɗaya. Tun farkon zamansa ya zaɓi nasa ya kafe a kai. Masu laburaren sun fitar da sababbi sun fi goma, ya ce ko kallonsu ba zai yi ba.

Ni ce Rhonda Zammit, kuma na yi shekara uku a ƙarƙashinsa. A da aiki nake yi a birnin Brisbane, na dawo gida ne saboda mahaifina, Salvu Zammit, ya fara mantuwa. Amma abin da ya karya Baba ya girmi mantuwar.

Shekara bakwai da suka wuce aka yi ambaliya. Akwai wata doguwar ganuwar ƙasa da ta raba gonaki uku: tamu, ta Trevor Kealy, da ta Keith Lahtinen wadda take gangare. Ruwa ya taru a tamu da ta Trevor. Wani ya fasa ganuwar, ruwan ya tafi kacokan ya kwanta a gonar Keith kwana tara, rakensa ya ruɓe a tsaye. Da yake kowa ya san Baba da Keith sun sha cacar baki a kan ganuwar nan, gari bai tsaya tambaya ba. Baba ya rantse, ya sake rantsewa. Kwamitin ƙungiya ya ce a kawo hotunan da jirgi ya ɗauka da safiyar ranar. Lindsay ya kawo ƙunshin, aka buɗe, hotuna suka tsallake daga na arba'in zuwa na arba'in da takwas. Daidai kan ganuwar babu komai. Ya ce batirin jirgin ne ya yi gardama.

Ba a kai Baba kotu ba, da ma an kai shi. Abin da aka yi masa ya fi haka ciwo. Idan ya zauna a tebur a kulob, sai mutane su tuna suna da uzuri. Masu injin girbi suka mayar da gonarsa ta ƙarshe a layi. Sau biyu yana buɗe akwatin wasiƙu ya tarar da matattun kwaɗi. Keith ya sayar da gonarsa ya koma garin Atherton bai ƙara yi masa magana ba, shi ma Baba bayan shekara biyu ya sayar da tasa. Mutumin da yake waƙa a kan tarakta ya koma ba a jin muryarsa ko a coci.

To wannan Trevor Kealy, wan matar Lindsay ne. Ban taɓa haɗa biyun a raina ba, don a garinmu kowa surukin kowa ne.

Zamana da Lindsay a ofis zaman doya da manja ne tun ranar farko. Na tuna wata rana ya sa kwamfuta tana ta nishi kusan minti arba'in.

Na ce, "Lindsay, hoto ai a matse yake tun daga kyamara. Kana sake danne shi don ka rage me? Gashin sauro?"

Ya ce, "'Yar Brisbane, ke da kika zo jiya. Tashi ki sa mana ruwan shayi."

"Sa wa kanka, hannunka bai karye ba."

"Bakinki ya fi aikinki sauri."

"Aikina ya fi laburarenka sauri. Kakata ma ta fi shi."

Ya juyo da kujerarsa a hankali, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Yaya jikin mai fasa ganuwa? Ya tuna inda ya ajiye shebur ɗin?"

Ban mare shi ba, kuma har gobe ina mamakin kaina. Na fita bayan ofis na tsaya ina kallon taragun rake suna wucewa.

Bayan ya yi ritaya aka ce in kwashe ƙunsoshin gonaki, sun haura ɗari tara, in mayar da su sabuwar na'ura. Ban yarda da komai nasa ba, don haka na rubuta ɗan gajeren umarni da zai bi su ɗaya bayan ɗaya. Abin mai sauƙi ne. A gindin kowane ƙunshi akwai jerin sunayen abin da ke ciki da girman kowanne. Sai a haɗa girman, a gwada da girman ƙunshin kansa. In ba Lindsay haƙƙinsa, duk suka fito cif, babu ɓarna ko ta ƙwayar shinkafa. Sai guda ɗaya, na ranar ambaliya. Jerin ya ce megabayit ɗari biyu da goma, ƙunshin kuwa ɗari biyu da arba'in da biyar ne.

Na zauna ina kallon lissafin. Gwangwani ya bar fili har na megabayit talatin da biyar a cikin kayansa? Ko a mafarki.

Na nemo bayanin tsohon laburaren nan nasa, wanda masu shi suka rubuta tun fil azal. Ga shi nan a shafi na uku, ɓaro-ɓaro: umarnin cirewa ba ya taɓa fayil ɗin kansa, sunansa kawai yake gogewa daga jerin da ke gindi. Wanda yake so abu ya fita da gaske, sai ya kwance ƙunshin ya sake ɗaurewa. A sababbin da ya ƙi karɓa an gyara wannan tuni. Shekara ashirin da shida mutumin nan yana cika mana baki da laburarensa, ashe bai taɓa karanta shafi na uku ba.

Na bi ƙunshin daga kai ba daga gindi ba, ina neman alamar da ke farkon kowane fayil. Kafin shayina ya huce suka fito su bakwai, na arba'in da ɗaya zuwa na arba'in da bakwai. A na arba'in da huɗu ga ganuwar, ga ɓarakar, ruwa na kwarara ta ciki. A bakinta wata ƙaramar katafila ce mai jan rufi, sawunta ya miƙe ɗoɗar zuwa rumfar Trevor Kealy. Duk garin nan mutum ɗaya ne ya taɓa yi wa rufin katafila jan fenti.

Ran Asabar da hantsi na same shi a ƙofar garejinsa yana shirya mota zai tafi kamun kifi. Na ɗora hoton a kan akwatin ƙanƙararsa.

Ya kalla, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Daga ina?"

"Daga ƙunshinka. Batirin ya farfaɗo."

"Na cire su."

"Sunansu ka cire, gwani. Su suna nan suna jirana."

Kun san abin da ya fara ɓata masa rai? Na ga fuskarsa, don haka ba ƙage nake yi ba. Kuskuren ne ya fara cin sa. Ya ce, "Ba zai yiwu ba, umarnin ya ce an cire."

Na ce, "Lindsay, ubana nake yi maka magana, ba umarni ba."

Ya sha mur, ya koma yana gyara zaman sandar kamun kifi. "Trevor yana da yara huɗu a lokacin. Da an gani, da ƙungiya ta kore shi. Matata Denise ta yi kwana biyu tana yi mini kuka. Ke da kin san aure da kin gane."

"Shi Baba ba shi da 'ya?"

"Ubanki ya tsufa, ya kusa barin noma ko da hakan ba ta faru ba. Kuma ni ban ce shi ya fasa ba. Ban taɓa faɗa ba."

"Ka faɗa mini a ofis, a gaban idona."

"Wasa ne."

"Kwaɗin ma wasa ne?"

"Ba ni na sa ba." Ya ɗaga hoton ya miƙo mini da yatsa biyu. "Ɗauke, zai jiƙe. Kuma wannan kayan ƙungiya ne, ba ki da izinin bugawa."

Na ce, "Allah ya isa tsakanina da kai, Gwangwani." Ranar ce aka fara kiransa da sunan a gaban idonsa, na kuma ji daɗin ganin yadda kunnuwansa suka yi ja.

Ran Litinin na kai wa kwamiti. Suka karɓi hotunan suna miƙa wa juna, kowa na gyaran murya. Shugaba ya ce abin takaici ne ƙwarai, amma fa tsohon zance ne, Keith ya rasu bara, tono shi zai raba kan gari. Da na buga tebur suka yarda su sa layi biyu a takardar labaran wata, a ƙasan sanarwar maganin ɓera, cewa sababbin bayanai sun nuna Salvu Zammit ba shi da hannu a fashewar ganuwa. Ba su ambaci sunan kowa ba. Trevor yana nan yana shan giyarsa a kulob duk Juma'a. Lindsay kuwa an zaɓe shi sakataren masu kamun kifi, an ce ba a taɓa ganin mai tsara takardu irinsa ba.

Duk wannan bai dame ni sosai ba, don ba dominsu na yi ba. Mutum ɗaya nake so ya ji.

Baba yana gidan kula da tsofaffi tun watan Maris. Na same shi a baranda cikin kujera, an lulluɓe masa ƙafa. Ranar ya gane ni, har ya kira sunana, na ce na taki sa'a. Na durƙusa a gabansa na sa masa hoton a cinya.

Na ce, "Baba, duba. Ganuwar nan ce. Ka ga katafilar? Ta Trevor ce. Kowa ya gani yanzu, an rubuta a takarda. Ba kai ba ne, Baba, kowa ya sani."

Ya sa yatsa yana bin ɓarakar a hankali.

Ya ce, "Ruwan ya yi yawa, 'yata. Ban yi niyyar ya kai haka ba."

"Baba, ba kai ka fasa ba. Kana gida ranar, kai da Mama. Ka rantse musu."

"Kowa ya ce ni ne." Ya share ido da bayan hannu. "Mutane da yawa haka ba za su yi ƙarya ba. Ni ne dai na manta, kin san yanzu ina mantuwa."

Na maimaita masa sau uku, na nuna masa jan rufin, na karanta masa layi biyun nan da ƙarfi. Yana gyaɗa kai irin na mai haƙuri da yaro. Ma'aikaciyar da ke ba shi magani ta tsaya a bayana, ta ce mini a hankali, ai kullum zancensa ke nan, tun ranar da aka kawo shi.

Ya kama hannuna da hannuwansa biyu, ya ce, "Rhonda, kin zo da mota? Ki taimake ni ki kai ni wurin Keith in roƙe shi gafara. Ba na so in mutu da haƙƙinsa a kaina."